Yadda Na Fasa Rumbun Tsimi da Sunan Istihara

A ƙauyukanmu na ƙasar Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, duk gidan da ya san ciwon kansa ba ya zama da rumbu ɗaya. Akwai rumbun ci, akwai na tsimi. Na tsimi ba a buɗe shi don biki ko suna, ba a buɗe shi don haraji. Geron bara ne ake bari a zangarniyarsa, a jera shi dami-dami, a kifa jinka, a kau da kai har sai an ga sabon hatsi ya shigo gida lafiya. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne zalla in ka ɗauke kwarin Gulbin Kaba da gorubarsa, kuma ruwan damina bai yi wa kowa alkawari ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ga yunwar 1973 yana saurayi, ya ga ta 1984 yana magidanci, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. In yara sun dame shi da tambaya a kan rumbun, sai ya ba su labarin Annabi Yusuf da shawarar da ya ba Sarkin Masar ta a bar hatsi a zangarniya don shekarun fari, ya ce mu ba mu zo da sabon abu ba.

Ni na fasa wannan rumbu a kakar 2004, kuma da sunan Allah a bakina na fasa shi.

Daminar 2003 ta yi albarka a ƙasar nan, Baba ya cika tsiminsa har wuya. Ranin da ya biyo baya ya rasu, gandu ya dawo hannuna tun da ni ne ɗan fari. A lokacin ina koyarwa a lakkol ɗin wani ƙauye kusa da namu, malamin kwantiragi, ga shi kuma na yi allo, na ɗan taɓa Ishmawi da Risala a zaure. Mutanen gida suna ganina a matsayin wanda ya haɗa karatu biyu, ni ma haka nake ganin kaina. A tukunya ɗaya muke ci: Inna, da ni da iyalina, da ƙanena da nasa iyalin, da ƙannenmu mata da ba su yi aure ba.

Sai daminar 2004 ta zo da nata. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba, fara kuma ta sauko daga arewa ta yi ɓarna a gonaki da makiyaya. Daga baya gwamnati ta ce giɓin cimaka na ƙasa ya kai kusan tan 223,000. Mu ba mu bukaci a gaya mana ba. Dammunan da muka ɗaure a gonar gandu ko yaro ya ƙirga ya san ba za su kai mu shuka ba. Ni kuwa lissafi nake koyarwa. Na san tiya nawa gidanmu ke ci a yini, na san wata nawa ke tsakanin kaka da sabon tumu. Ba zan iya fakewa da jahilci ba.

Abin da ya shiga raina injin niƙa ne. Ƙauyenmu ba shi da shi. Mata sukan ɗauki hatsi a ka su tafi wani gari, ko su yini a bakin turmi. Wani abokina ya gaya mini akwai mai sayar da tsohon inji a Maraɗi, da araha. Na zauna da takarda da biro na lissafa: in kowace mace ta kawo tiya kaza a ƴan daloli kaza, a cire kuɗin gazuwal da na yaron da zai kula, kafin bazara kuɗin sun dawo, mu sayi gero mu mayar rumbu, inji kuma ya zama namu. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Akwai kuma abin da ban rubuta a takardar ba, shi ne ina son a ce ɗan fari ya yi abin da uba bai yi ba. Ina son in ji mata suna cewa za su injin Malam.

Kuɗin fa? Albashin kwantiragi bai isa ya sayi ko bel ɗin injin ba. Amma a kakar nan dillalan hatsi suna yawo kasuwa-kasuwa, har gida-gida, suna taya gero da kuɗin da ba mu saba gani da kaka ba. Manoma sun san kaka lokacin faɗuwar farashi ce. In ka ga ɗan kasuwa mai mangaza a Maraɗi yana neman hatsi ido rufe a watan da ya kamata ya yi ta ja maka rai, ya hango abin da ke tafe ne. Ni sai na ɗauki tsadar a matsayin ƙofar da Allah ya buɗe mini.

Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar magana da ni, kunyar ɗan fari. Da ta ji ƙishin-ƙishin, sai ta aika wa Kawu, yayanta. Ya zo da la'asar, azumi a bakinsa, ya zauna a tabarma a ƙofar gida, ya daɗe yana tambayar lafiyar yara kafin ya shiga magana.

"Ɗana, na ji wai kana son taɓa tsimin mahaifinka."

Na ce, "Kawu, juya shi zan yi, ba ci zan yi ba." Na ɗauko takardata na fara yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ni ban yi lakkol ba. Amma inji hatsi yake niƙawa. Bana wa ke da hatsin?"

Na yi masa murmushin da ake yi wa tsofaffi. Ƙanena ma ya yi magana, ya ce a bari sai baɗi. Matata ta yi tata da dare, a hankali, ta ce gabanta na faɗuwa. Kowa na ba shi amsa, amma na ga amsoshin ba su shiga ba, kuma rumbun ba nawa ba ne ni kaɗai da zan fasa shi ana kallo. A nan ne na ce zan yi istihara.

Azumin shekarar ya faɗo cikin kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Na bari sai goman ƙarshe, don a ce a dare mai daraja na yi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na riga na aika wa mai injin kafin alƙalami ta hannun abokina, da ɗan abin da na tara. Wato na ɗaure magana da mutum, sannan na shimfiɗa buzu ina neman zaɓin Allah. Na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na karanta addu'ar da na haddace tun ina yaro. Ban yi ƙarya a hawayen da na zubar ba, da gaske nake roƙo. Sai dai abin da zuciyata ke roƙo daban, abin da harshena ke karantawa daban. Harshe na cewa a zaɓa mini, zuciya na cewa a ba ni injin.

Na kwanta ina jiran mafarki, don haka na taso na ji ana yi. Na kuwa yi shi: na ga fili kore shar, ruwa na gudu a cikinsa. Mutumin da ya yi makonni ba abin da ke kansa sai arziƙin da zai samu, me zai gani in ya rufe ido? Ban tsaya tambayar kaina wannan ba. Da aka sallame sallar asuba, a ƙofar masallaci, a gaban Kawu da ƙanena da wasu dattawa, na ce, "Na yi istihara, kuma na ga alheri."

Wuri ya yi tsit. Kawu ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "To. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Daga ranar ba wanda ya sake ɗaga maganar. Yaya za su yi? Jiya da ni suke jayayya, yau na mai da ita jayayya da hukuncin Allah. Mutanenmu masu tsoron Allah ne, kuma da wannan tsoron nasu na ɗaure su. A lokacin daɗi na ji, na ɗauka nasara ce.

Tsakanin ranar da fasa rumbun abubuwa sun faru da ya kamata su tsai da ni. Bakaniken da na roƙa ya duba injin ya aiko cewa ya gaji, yana shan mai, farantansa sun cinye. Na ce hassada ce, yana da wanda yake son ya sayar mini. Dillalin da muka shirya da shi ya saɓa rana, na ce Shaiɗan ne ke son ya shiga tsakanina da rabona, na nemo wani. Duk abin da ya zo daidai da son raina na kira shi alama, duk wanda ya saɓa na kira shi jarrabawa.

Bayan ƙaramar salla muka ɗaga jinka. Ƙanena ne ya shiga yana miƙo dammuna, bai ce uffan ba. Geron ya yi duhu kaɗan, irin na hatsin da ya shekara, ƙamshinsa na tashi, ba ƙwaro ba ruɓa, yadda Baba ya jera shi da hannunsa. Ɗan kasuwa ba ya sayen zangarniya, sai an sussuka. Matan gidan ne suka yi sussukar, suka sheƙe, suka auna a buhu. Inna na cikinsu. Ina tsaye da littafina ina rubuta tiya, ina kallonta tana ɗaga ƙwarya sama iska na kwashe ƙaiƙayi. Da aka gama ta tsuguna ta tsince ƙwayoyin da suka zube a rairayi ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zanenta. Na gani, na kau da kai. Amalanke ta zo ta kwashe buhunan.

Injin ya zo, aka yi masa rumfa, yara suka taru. Makonnin farko ya yi aiki, har zuwa babbar salla a watan Janairu na 2005 ana kawo niƙa. Daga nan layin ƙwarya ya fara gajarta. Macen da ke da tiya ɗaya ba za ta ba da dalolinta a niƙa mata ba. Turmi za ta koma, ta surfa da kanta, ta ajiye dusar, don a shekarar nan dusa ba ta dabbobi ba ce. Bakaniken kuma ya yi gaskiya, yau bel ya tsinke, gobe faranti na son wasa, gazuwal sai bashi. Tun kafin zafin bazara ya kankama injin ya yi shiru, ƙura ta rufe shi.

Farashin gero kuwa ya yi ta hawa. A arewacin Najeriya ma hatsi ya yi tsada a shekarar, motocin da muka saba gani suna shigo da shi suka koma fita da shi ta Jibiya zuwa Dawanau. Maƙwabtanmu na yamma suka hana nasu fita. A Yamai da sauran birane mutane suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Maris saboda harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan masarufi. Kafin tsakiyar damina buhun gero ya ninka kuɗinsa na kaka fiye da sau biyu, a wasu kasuwanni ya doshi jika 30. Dabbobi kuma suka faɗi warwas, don ba ciyawa, kowa na son ya sayar. Tunkiyar da a da za ta sayo buhu, a ranar kasuwar Mayahi da kyar ta sayo ƴan tiyoyi. Na sayar da na Inna, na sayar da na matata. Mai yiwuwa cikin geron da na sayo da tsada har da wanda Baba ya noma.

Rumbun ci ya ƙare tun ba a yi shuka ba. Ƙanena ya tafi ci-rani Kano, ya dawo da ruwan farko da abin da bai taka kara ya karya ba. Gwamnati ta kawo hatsi mai rahusa, amma bai isa ba, kuma shi ma sai da kuɗi. Rabon kyauta sai a watan Agusta aka fara. Matan gidanmu suka shiga daji neman tafasa da jiga da yaɗiya. Suka tsinko ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Ƙaramar ƴar ƙanena, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta fara zawo, gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. Tamowa. Uwarta ta goya ta zuwa cibiyar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe, cikin yara sama da 60,000 da ƙungiyar ta yi wa maganin tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar. Allah ya tashi kafaɗunta, yau ita ma uwa ce.

Duk wannan bai sa na gane ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni kunya in na tuna. Na sami wata mafakar: ƙaddara. Duk wanda ya dube ni sai in ce haka Allah ya so, yunwar ai ba gidanmu kaɗai ta shiga ba. Gaskiya ne ba gidanmu kaɗai ba. Amma gidanmu na cikin ƴan tsirarun da Allah ya riga ya ba abin tare ta.

Ranar da abin ya faɗo mini muna gona ne, lokacin maimai. An yi hutun lakkol. Ƙanena da safe yakan je ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar da za a dafa, sai rana ta take ya zo tamu, wadda ciyawa ta riga ta fi ƙarfinmu. Gawo ba ya da ganye da damina, don haka a gindin wata aduwa muka zauna. Aka kawo fura, ruwa ne tsululu da ɗan gari da dusa. Ya sha, ya miƙo mini. Ban san me ya kai bakina ba, na ce, "Sai haƙuri. Ni dai ban yi gaban kaina ba, sai da na yi istihara."

Ya daɗe bai tanka ba. Sannan ya ce, "Yaya, zan tambaye ka, don Allah kada ka ga rashin kunya. Daren da ka yi istiharar nan, da a ce amsar a'a ce, ta yaya za ka gane?"

Na buɗe baki in ba shi amsa irin ta malamai, na rasa. Ƙwaryar na hannuna. Na fara bin hanyoyin ɗaya-ɗaya a zuci. Da ban yi mafarki ba, da na sake yi gobe, da jibi, har sai na yi. Da na yi mummunan mafarki, da na yi tofi ta hagu na ce na Shaiɗan ne. Da ƙirjina ya yi nauyi, da na ce waswasi ne. Kawu ya yi magana na ce tsoron tsufa ne, matata ta yi na ce raunin mata ne, bakanike ya yi na ce hassada ce. Na duba ko'ina ban ga ƙofa ɗaya da na bari a buɗe wadda a'a za ta shigo ta cikinta ba. Sannan na tuna kafin alƙalamin da na biya tun kafin in yi alwala, wanda har ranar ba wanda ya sani a gidanmu.

Bakina ya bushe duk da furar da na sha. Na dubi hannayen ƙanena, duk sun yi kanta sun fashe, na dubi wuyansa da ya zama siriri. Yaron nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ya shiga rumbun ya miƙo dammunan da hannunsa, don na ce Allah ya nuna mini. Abin da na gane a gindin aduwar nan ya wuce cewa na yi asara a ciniki, asara kowa na yi. Na yi shawarata ni kaɗai, na gama, sannan na ɗauko sunan Ubangiji na liƙa mata don kada a taɓa ta. Da ta lalace kuma na sake ɗauko sunansa na rufe kaina da shi. Ban ba ƙanena amsa ba. Na ajiye ƙwaryar na ɗauki hauya. Shi ma bai sake tambaya ba, har yau.

Da dare na zauna na bi addu'ar istihara a hankali, ina fassara wa kaina kamar ɗalibi. Rabinta na biyu roƙo ne cewa in al'amarin sharri ne ga addinina da rayuwata da ƙarshen lamarina, Allah ya kawar da shi daga gare ni, ya kawar da ni daga gare shi, ya ƙaddara mini alheri a duk inda yake, ya kuma sa in yarda da shi. Da bakina na roƙi a kawar da ni. Ba zan ce maganar Kawu ko saƙon bakanike su ne amsar Allah ba, don cewa ga abin da Allah ke nufi shi ne kuskuren da na riga na yi, ba na son in maimaita shi ta wata fuskar. Abin da na sani shi ne na roƙi a tare ni, kuma duk abin da ya tare ni na ture shi.

Bayan kaka na je wurin tsohon malamin da na yi Risala a gabansa, na kwashe labarin duka na gaya masa, har da kafin alƙalamin. Ya tuna mini abubuwan da na sani amma ban taɓa ɗora su a kaina ba. Hadisin istihara, wanda Buhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, ya ambaci nafila da addu'a, bai ambaci mafarki ba. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya mai littafin Madkhal, wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yawaita kafa hujja da shi, ya soki masu jingina istihara ga abin da za su gani a barci, ya kuma nuna cewa haɗa ta da shawarar mutanen kirki shi ne cikar bin sunna. A surar Ali Imrana an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi shawara da sahabbansa, sannan in ya ƙudura ya dogara ga Allah. Shawara ce a gaba. Ni na juya abin, na sa addu'a ta kashe shawara.

Sannan ya yi mini tambayar da ban zata ba. "Malam, hatsin nan, an raba gadonsa?" Na ce a'a. Ya ce, "To akwai tumunin mahaifiyarka a ciki, akwai rabon ƙanenka da na ƙannenka mata. Istihara a kan abin da ya halatta gare ka ake yin ta. Ba a yin ta a kan ko a taɓa haƙƙin wani ba da yardarsa ba. Shirun da suka yi maka ba yarda ba ce, kai ma ka sani." Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba ko sau ɗaya, ni da na karanta babin gado.

Kada wani ya karanta wannan ya ce addu'a ce ta cuce mu. Ban bar istihara ba, kuma ba na ganin dabarar mutum ta isa ta raba shi da ita. Manomin jigawa ya fi kowa sanin iyakar wayonsa: zai zaɓi iri, ya kai taki, ya yi shuka a kan lokaci, ruwa ya ɗauke masa ana saura kaɗan. Mutum kan yi shawara da kowa, ya yi addu'a da zuciya ɗaya, ya kuma yi asara, wannan ita ce ƙaddarar da ake haƙuri da ita ba tare da kunya ba. Tawa ba irinta ba ce. Kuma na lura abin da na yi ba baƙo ba ne a cikinmu. Uba kan ce ya yi istihara a kan auren ƴarsa bayan ya karɓi kuɗin gaisuwa. Ɗan kasuwa kan ce ya yi ta a kan abokin hulɗa don kada a ce masa a rubuta yarjejeniya, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Galibinmu ba da niyyar yaudara muke yi ba. Son abu ne ke cika zuciya har mutum ya kasa bambance muryarsa da ta gaskiya, kuma wanda ya ɗan yi karatu ya fi saurin faɗawa, don yana da amsar da zai ba kowa.

Kawu ne ya riƙe mu a ƙarshen daminar nan da nasa tsimin, wanda bai kai namu ba. Dami-dami yake aiko wa ƙanwarsa da dare a kan jaki, don kada maƙwabta su gani. Bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Na tara mutanen gida na faɗa musu maganar kafin alƙalamin, na roƙi gafara. Ƙannena suka ce sun yafe. Inna daga bayan zana ta ce wa matata ta gaya mini ya wuce. Injin na sayar wa wani bakanike a kuɗin ƙarfe. Hatsin Kawu da rabon ƴan'uwana sai da na yi shekaru ina biya daga albashi da abin da gayaunata ta bayar.

Yanzu in abu ya taso, nakan fara da waɗanda abin zai shafa, musamman wanda na san ba zai goyi bayana ba. Ba na biyan ko dala kafin in yi sallar. In na yi kuma, ba na sanar da kowa, don na ga abin da kalmar ke yi wa bakin mutane. Ko da haka, wani lokaci ina tsakiyar addu'ar sai in ji zuciyata ta riga ta tafi wurin abin da take so, sai in dakata in bar maganar ta kwana.

A 2014, da labarin zinariyar Jado ya game ƙasa, samarinmu suka yi ta tafiya ta Agadas. Wani jikan Kawu ya zo mini yana son ya sayar da gonar da ya gada ya yi kuɗin mota da na na'urar neman zinariya. Uwarsa na kuka, shi kuwa ya ce, "Baba, na yi istihara." Na zaunar da shi na ba shi labarin nan tun daga ɗaga jinka har gindin aduwa, ban rage komai ba, na kuma yi masa tambayar da ƙanena ya yi mini. Ransa ya ɓaci, ya tashi ba sallama. Tafiyar dai bai fasa ba. Amma raguna biyu ya sayar, ya ranci sauran a hannun wani ɗan'uwa, aka rubuta a gaban shaidu, gonar kuma ya bar wa ƙanensa ya noma. Ya dawo kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017, da abin da ya isa ya biya bashin ya sayi amalanke da sa guda. Gonar na hannunsa, gero da wake yake shukawa a cikinta.